Kabewa a Mota, Kujera a Tebur

Ranar da Markian Sawchuk ya fara ganin Solomiya, rabin jikinsa yana cikin injin girbin mahaifinta, ƙafafunsa kawai ke waje. Ƙarshen watan Agusta ne, alkama ta nuna a gonar Zenon Boychuk da ke gabas da Yorkton, hadari yana haɗuwa daga yamma, injin kuma ya zaɓi wannan ranar ya tsaya cak. Duk wanda ya san manomanmu ya san ba a yi musu wasa a irin wannan rana.

Sai ya ji ana ƙwanƙwasa takalminsa. Ya zaro kansa, fuska duk baƙin mai, ya ga wata doguwar budurwa da hular maza a ka, tana riƙe da kwanon abinci. Ta ce kakarta ce ta aiko, amma a gidansu ba a ba baƙo abinci sai ya amsa kacici-kacici.

“Na fito fari fat daga gidan uwata,” in ji ta. “Aka yi mini zane da kakin zuma, aka tsoma ni a rini uku, sannan aka hana kowa ya ci ni. Wane ne ni?”

Markian ya san amsar sarai. Kakarsa takan zana irin wannan ƙwan duk lokacin Ista kafin ta rasu. Sai dai Markian yana da in’ina tun yana ƙarami, kuma in’inar tasa ta san lokacin fitowa. In hankalinsa a kwance yake, sai ta yi barci. Da zarar gabansa ya faɗi, sai ta tashi ta tare masa ƙofar baki. Yanzu kuwa gabansa faɗuwa yake yi kamar ya taka rami.

Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Da ya ga zai mutu da kunya a gaban ’yar mutane, sai ya sa yatsansa mai maiƙo ya zana ƙwai a jikin injin, har da ’yan layukan ado.

Ta kalli zanen, ta kalle shi, ba ta yi masa irin dariyar da ya saba ji ba. Ta ce an karɓa, ta miƙa masa kwanon. Kafin ta koma motar ɗaukar hatsi ta rubuta lambarta a ƙarƙashin ƙwan, wai ko injin zai sake lalacewa.

Injin bai sake lalacewa ba, Markian ne ya lalace.

A rubutun waya ba shi da in’ina, don haka a can soyayyar ta yi girma. Kullum da safe sai saƙonta ya riga shayinsa:

“Makanikena, ka tashi? Ga na yau. Ba a gayyace ni ba, ban shigo ɗaki ba, amma ba mai kai cokali baki sai na iso.”

Shi kuma ya amsa: “Tauraron farko na jajiberin Kirsimeti. Wannan mai sauƙi ne, Zumata. Mai wuyar shi ne yadda zan kai Lahadi ban gan ki ba.”

“Ka iya baki a rubuce, malam. Ka zo ka faɗa a gabana mu gani.”

Ya kuwa zo. Sukan zauna a bayan motarsa a bakin gona, ta jira shi ya gama kowace kalma ba tare da ta ƙarasa masa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa shi ya ƙaunace ta har ƙarshen ransa. A nan ta ba shi labarin gidansu: mahaifiyarta Marta ta rasu shekara shida da suka wuce, suka rage su uku, ita da Tato, wato mahaifinta, da kakarta ta wajen uwa wadda kowa ke kira Babusya. Ta ce tun rasuwar, Tato bai taɓa yin dariya da haƙoransa a waje ba.

Markian yana tsoron mutumin tun kafin ya ji haka. Zenon dogo ne mai kauri, maganarsa kaɗan, kallonsa da yawa. Ga kuma Yarema Dutchak, ɗan maƙwabcin gonarsu, mai rera waƙa a coci, wanda ya san kowace al’ada da sunanta da dalilinta, kuma bai iya rufe baki a kan hakan ba. Kowa a yankin ya riga ya ɗaura musu aure da Solomiya a zuciyarsa, ita kaɗai ce ba a tambaya ba.

A ranar bikin Godiya ta watan Oktoba, Markian ya sa riga mai kyau, ya sayi burodin kitso, don ya tuna kakarsa tana cewa ba a zuwa neman aure hannu sake. Solomiya da Babusya suna kicin. Ya tsaya a gaban Pan Zenon, wato Malam Zenon, a falo, ya ɗauki kusan minti goma yana fitar da magana ɗaya. Zenon bai taimake shi da ko harafi ɗaya ba. Da ya gama, sai Zenon ya tambaye shi inda yake zama in aikin girbi ya ƙare. Ya ce Saskatoon. Ya tambayi awa nawa ne a mota. Ya ce uku da rabi. Zenon ya gyaɗa kai, ya ce zai leƙa shanu, ya fita.

Da yamma Markian ya yi sallama. Solomiya ta rako shi har ƙofa tana murmushi, Babusya ta kira ta, ta koma. Ya buɗe motarsa, sai ya ga kabewa zaune a kujerar gefen direba, ƙatuwa, ja, an goge ta tas.

Wani saurayin zai ce kyautar gona ce, ya yi godiya. Amma Markian, duk da an haife shi a birni kuma yaren kakanninsa bai wuce gaisuwa a bakinsa ba, ya san wannan guda ɗaya. A wurinmu in ka nemi aure aka ba ka mayafi mai jan ɗinki, ka samu. In aka ba ka kabewa, an sallame ka, kuma ba a ƙara magana.

Ya tuƙa mota har masaukinsa a Yorkton da kabewar a gefensa, bai iya kallonta ba, bai iya jefar da ita ba. Abin da ya fi ba shi tsoro murmushin nan ne na bakin ƙofa. Ashe ta sani, ashe tausayi ne, ashe duk jiran da take yi ya gama kalma haƙuri ne kawai irin wanda ake yi da mara lafiya.

Saƙonta ya shigo da safe kamar kullum. Bai buɗe ba. Washegari ma haka. Sai a kwana na biyar ya daure ya karanta:

“Makanikena, lafiya? Tato ya ƙi gaya mini abin da kuka tattauna.”

“Markian, na kira sau bakwai.”

“In ka fasa ne, ka faɗa mini da bakinka, ko zai ɗauke ka awa guda. Zan jira. Amma shirun nan tsoro yake ba ni.”

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗauki hoton kabewar, wadda har yanzu ke zaune a kan teburinsa, ya tura mata da kalma biyu: “Na gane.”

Ba a yi awa guda ba ta shigo garejin da yake aiki, gashinta a hargitse, takalmin gona a ƙafarta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta tambaye shi wa ya ba shi. Da ya gaya mata inda ya same ta, sai ta zauna a kan tayar tarakta, ta rufe fuska. Ya ɗauka kuka take yi, ashe rabi kuka ne rabi dariyar takaici.

“Kwana biyar kana zaune da kabewar Tato,” in ji ta. “Kai wane irin matsoraci ne? Ba ka san daga hannun yarinya take fitowa ba? Ka ga hannuna a kanta?”

Bai gani ba. Kakarsa ba ta kai ga wannan ɓangaren ba ta rasu.

Abin da ya faru a gidan Boychuk a ranar, daga baya Solomiya ta ba shi labari. Babusya, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu wadda ba ta kai kafaɗar surukinta ba, ta tsayar da shi a tsakiyar kicin. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin namiji mai gemu ya ba saurayi kabewa a ɓoye kamar ɓarawo ba. Kabewar nan ba ta ƙirgu ba. A gidan nan, in ji ta, mai neman ’ya zuwa yake yi jajiberin Kirsimeti ya amsa kacici-kacici a gaban kowa, kamar yadda shi Zenon ɗin ya yi lokacin da ya zo neman Marta, har ya faɗi biyu aka rufa masa asiri. Zenon ya ce to, ya yarda, amma da sharaɗi biyu: Yarema ma zai zo, kuma tambayar ƙarshe shi zai yi ta.

Markian ya ce wa Solomiya ai ba sai an yi haka ba, su manya ne, za su iya aure ko da wa ya ƙi.

Solomiya ta girgiza kai. Ta ce Yarema ko zai amsa duk kacici-kacicin duniya ba za ta aure shi ba, wannan ya kwantar da hankalinsa. Amma ta yi wa mahaifiyarta alkawari a asibiti cewa ba za ta fita daga gidan nan ba sai da albarkar Tato. In bai sa albarka ba, ba za ta auri kowa ba, har shi Markian ɗin. Ta faɗi haka tana riƙe da hannunsa.

Daga ranar barcin kirki ya ƙaurace masa. Ya koma Saskatoon da aka gama girbi, ta ci gaba da turo masa kacici-kacici, yanzu uku a rana kamar magani. Ya haddace komai, tun daga abinci kala goma sha biyu marasa nama na jajiberin Kirsimeti har ciyawar da ake zubawa ƙarƙashin tebur. Sanin amsa ba shi ne damuwarsa ba. Yakan tsaya gaban madubi ya faɗe su tiryan-tiryan, sai ya tuna idon Zenon, nan take harshensa ya daskare. Ya tura mata wata rana:

“Zumata, in na tsaya kamar gunki a gabansu fa?”

“To ka tsaya. Ni dai ka zo. Gunkin ma nawa ne.”

Gidan Boychuk suna nan a kan tsohuwar kalanda, jajiberin Kirsimetinsu shida ga Janairu ne. Ranar ta zo da iska. Markian ya baro Saskatoon tun da hantsi, amma da ya wuce rabin hanya sai iskar ta fara kwaso dusar ƙanƙara daga gonaki tana shimfiɗa ta a kan titi, har ya daina bambance kwalta da rami. Ya ga motoci biyu a gefen hanya sun nutse. Sau ɗaya tasa ma ta zame, ta juya ta kalli inda ya fito, ya zauna yana jin bugun zuciyarsa a cikin kunnuwansa. Ya yi tunanin komawa, ba zai ɓoye ba. Ba wanda zai zarge shi, hanya ce ta hana. Da ya lura cewa wannan tunanin daɗi yake yi masa, sai kunya ta kama shi, ya juya kan motar.

Ya iso rana tana gab da faɗuwa, iskar ta lafa. Kyandir yana ci a taga. Solomiya ta buɗe ƙofa cikin farar riga mai ɗinkin ja da baƙi, ta ga fuskarsa, ta matse masa hannu sau ɗaya ta saki, don Tato yana kallo.

Ɗakin cin abinci yana ƙamshin zuma da soyayyar albasa. An jera burodi uku ɗaya kan ɗaya a tsakiyar tebur, kyandir a samansu. Yarema ya riga ya iso, yana tsaye kusa da Zenon kamar ɗan gida. Markian ya gaji da tuƙin da ya sha, don haka ya kai hannu ga kujerar da ta fi kusa, ya jawo ta zai zauna.

Ya ji Solomiya ta ja numfashi.

“Akwai mai ita,” in ji Zenon, a hankali.

Sai a lokacin ya ga farantin da aka ajiye a wurin, da cokali, da ƙaramin hoto a jingine da kofi. Wurin Marta ne, wanda ake bar wa mamaci duk shekara. Ya san wannan al’ada, ya haddace ta, har ya amsa ta a waya. Ya mayar da kujerar da hannu biyu kamar wanda ke ajiye jariri. Ya so ya ba da haƙuri, ko harafin farko bai fito ba. Yarema ya kalli rufin ɗaki yana danne murmushi.

Babusya ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce tauraro bai fito ba tukuna, don haka kowa ya tsaya a tsaye, a fara.

“Ana dafa ni don baki,” in ji ta, “amma cokalin farko na rufin ɗaki ne.”

Markian ya sani. Leɓunansa suka haɗu, suka ƙi rabuwa. Yarema ya ce kutia ce, alkama da zuma, ya ƙara da bayanin cewa in aka wurga cokali ɗaya sama ƙwayoyi da yawa suka manne a rufin, shekarar za ta yi albarka. Ba wanda ya tambaye shi bayanin.

Ta biyu ma haka ta tafi. Gumi ya jiƙa bayan rigar Markian duk da sanyin da ya kwaso. Yana jin idon Zenon a gefen fuskarsa, yana jin Solomiya tana ɓacewa daga hannunsa tambaya bayan tambaya.

“Ni aka yanka ƙarshe a gona,” in ji Babusya, “ni aka shigo da shi farko a gida. Ina tsaye a kusurwa, ba na ci ba na sha.”

Wannan karon Markian bai jira bakinsa ba. Kafin Yarema ya gama gyara murya, ya taka zuwa kusurwar da hotunan tsarkaka suke, ya ɗora hannu a kan damin alkamar da aka ɗaure da jan ƙyalle. Yarema ya ce ai ba a faɗa ba. Babusya ta ce ita amsa ta nema, ba waƙa ba.

“Mu huɗu ne, kowa da kusurwarsa, muna kwance a ɓoye muna gadin lafiyar gida.”

Markian ya ɗaga gefen mayafin teburin, ga tafarnuwa. Biyu da biyu ke nan. Ya ɗan ji numfashinsa ya dawo. Solomiya da ke tsaye a taga ta ce tauraro ya fito, muryarta ba ta fita sosai.

Sai Zenon ya ce saura tasa. Bai kalli kowa ba, farantin matarsa yake kallo.

“Shekara shida ina da guda ɗaya,” in ji shi. “Ana zuba mata abinci, ba a ci. Yanzu wani ya zo daga nesa zai mayar mini da ita biyu. Ta farko ƙasa ce ta ɗauke mai ita, ta biyu hanya ce za ta ɗauke. Mene ne wannan?”

Yarema ya amsa nan take, ya ce kujerar da ba kowa a kanta. Ya ƙara da cewa shi dai gidansa mil ɗaya ne daga nan, wadda ya aura ba za a rasa ta a tebur ba. Amsa ce mai kyau, kowa a ɗakin ya san haka. Babusya ta sunkuyar da kai. Solomiya ta juya ta fuskanci taga don kada a ga idonta.

Markian ya duba ko’ina, ba abin da zai taɓa da hannu wanda ba a riga an faɗa ba. Ya kalli Zenon, karo na farko ido cikin ido tun watan Agusta. Hannun mutumin yana kan bayan kujerar Marta, ya damƙe ta har yatsunsa sun yi fari. Markian ya san wannan damƙar, haka ya riƙe sitiyari yau tun safe.

Ya buɗe baki. Kalmar ta maƙale, ya tura, ta maƙale. Agogon bango ya yi ta tafiya. Yarema ya fara cewa wani abu, Babusya ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

“Ts... ts... tsoro ne, Pan Zenon.”

Sauran maganar ta fito da ƙyar, guntu-guntu, kamar ana jan mota daga taɓo, amma ta fito. Ya ce ya gane shi ne don shi ma da shi yake kwana yake tashi. Ya ce ba zai yi ƙaryar cewa gidansa mil ɗaya ne ba. Amma bai zo ya rage mutum a teburin nan ba, ya zo ne don shi ba shi da irinsa. Kakarsa Paraska ita ce ta ƙarshe da ke dafa kutia a danginsu. Tun da ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, a gaban talabijin suke cin abincin Kirsimeti, ba wanda ya taɓa ajiye mata ko cokali. Duk shekara yakan yi tunanin ta zo ta tarar ba wurinta, ta koma.

“In... in kun yarda,” in ji shi, “ku ba ta wuri kusa da P... Pani Marta. Ko yau kaɗai. Ko da kun kore ni bayan an ci.”

Markian ya tabbata ya ɓata komai. Mutumin ya ce yana tsoron kujera biyu, shi kuma ya roƙe shi ta biyun da bakinsa.

Zenon ya saki kujerar. Ya fita daga ɗakin, suka ji ƙofar baya ta buɗe, sanyi ya shigo. Solomiya ta fara kuka a hankali. Babusya ta ce mata ta yi shiru, ta san tafiyar surukinta.

Ya dawo da kujera a kafaɗa, tsohuwa ce daga rumbu, dusar ƙanƙara a kanta. Ya goge ta da hannun rigarsa, ya ajiye ta a gefen ta Marta. Ya tambayi sunan tsohuwar kuma, Markian ya maimaita. Zenon ya ɗauko faranti da cokali da kansa ya jera.

“Marta tana son hira,” in ji shi. “Shekara shida ba ta da abokiyar zama.” Sannan ya juya ga ’yarsa, muryarsa ta dushe. “Ke kuma me kike jira? Abinci yana hucewa.”

Solomiya ta ruga ɗaki ta dawo da mayafi mai jan ɗinki, wanda mahaifiyarta ta fara ita kuma ta ƙarasa. Ta ɗaura shi a hannun Markian, ta ƙulle sau biyu, tana cewa a hankali, don shi kaɗai ya ji, “Matsoracina. Ka ga ba ka mutu ba.”

Yarema, a ba shi haƙƙinsa, ya zauna ya ci duk goma sha biyun, kuma shi ya ja waƙar bayan abinci. Muryarsa ta ɗan karye a baiti na farko, daga nan ta miƙe.

Aka sa rana bayan Ista. Markian ya nemi aikin dindindin a garejin Yorkton, suka kama gida a gari, rabin awa daga gona. Zenon ya ce rabin awa ma nisa ne, Babusya ta ce masa ya je ya leƙa shanu.

Safiyar ɗaurin auren, kafin a tafi coci, ango da amarya suka durƙusa a falo don karɓar albarka. Babusya ta fara, ta taɓa kawunansu da burodin aure, ta yi musu addu’ar zaman lafiya da ’ya’ya masu jin magana, ta ce ko da yake a wannan gidan ba a taɓa samun irinsu ba. Aka yi dariya. Sai ta miƙa wa Zenon burodin.

Ya daɗe a tsaye da shi a hannu. Markian yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ji tsohon tsoron ya dawo masa, don har yanzu mutumin yana iya cewa a’a. Sai ya ji nauyin burodin a kansa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, bayansa kuma tafin hannu mai kaushi ya sauka a kan gashinsa ya tsaya.

“Allah ya ba ku tsawon rai tare,” in ji Zenon. “Ya sa ku tsufa a tebur ɗaya. Solomiya, na sallame ki da zuciya ɗaya, ki gaya wa mahaifiyarki a addu’arki kin cika alkawari.” Hannunsa bai bar kan Markian ba. “Kai kuma tashi, ɗana. Gwiwa ba ta ƙarfe ba ce, ga fada yana jira a coci.”